Umbro: yadda kamfanin ɗinkin jesi ya koma suna da ake haya

A cikin rigar Umbro Ingila ta ɗauki kofin duniya a 1966. A cikinta Brazil ta ɗauka a 1994, a cikinta kuma Manchester United ta haɗa kofuna uku a 1999. Amma kamfanin da ke riƙe da sunan Umbro a yau ba ya saƙa, ba ya yanka, ba ya ɗinki. Lasisi yake sayar wa wasu kamfanoni su manna tambarin a kayansu. Mai son fahimtar yadda aka zo nan sai ya bi sawun kuɗi. Shekaru hamsin na farkon Umbro, kulob ne ke biyan mai ɗinki. Daga 1973 abin ya juye, mai ɗinki ya koma biyan kulob, kuma kusan duk abin da ya sami kamfanin daga baya daga wannan juyin ya samo tushe.

Harold Humphreys, mutumin ƙauyen Mobberley a yankin Cheshire, ya fara koyon harkar ne a Bukta, tsohon kamfanin kayan wasa da aka kafa tun 1879. A 1924 shi da ɗan'uwansa Wallace suka kafa nasu a garin Wilmslow da sunan Humphreys Brothers, wanda daga jikinsa aka gutsuro Umbro. Wurin ya taimaka musu ƙwarai. Manchester na nan kusa, kuma a lokacin ita ce cibiyar masaƙun auduga, don haka zare, marina da ƙwararrun masu keken ɗinki duk suna bakin ƙofa. Cinikinsu na yau da kullum ba da manyan kulob ba ne. Shagunan kayan wasa suke sayar wa saiti-saiti, su kuma su sayar wa ƙungiyoyin makarantu, na ma'aikatu da na unguwanni. Saiti ɗaya shi ne riga goma iri ɗaya, rigar gola daban, sai wanduna da safa. Ba a buƙatar fiye da haka, domin sai a 1965 gasar lig ta Ingila ta yarda da sauya ɗan wasa a tsakiyar wasa.

A wancan zamanin ingancin kaya ne kaɗai abin da ake gasa a kai, kuma matsalolin sanannu ne. Rigar auduga mai kauri tana shan ruwa da zufa, ta yi nauyi a jikin ɗan wasa, musamman a filin hunturu mai caɓi. In aka wanke ta da ruwan zafi sai ta tsuke, har ta kasa shiga jikin mai ita kafin kaka ta yi rabi. Ga kuma zubar rini: kulob mai ratsin ja da fari, in jan ya zuba, farin ya koma ruwan hoda, saitin ya tashi aiki gaba ɗaya. Maganin shi ne a rina zaren kafin a saƙa, rini mai kama jiki, a kuma jiƙa yadin ya gama tsukewarsa kafin a yanka. Hamata da wuya su ne wuraren da ke fara yagewa idan aka ja riga, shi ya sa ake ninka musu ɗinki. Umbro ta yi suna da wani yadi da ta kira Tangeru, wanda aka saƙa da audugar Pima ta ƙasar Peru. Silin wannan auduga dogo ne, zarensa ya fi santsi da ƙarfi, don haka ana iya rage kaurin riga ba tare da ta yi saurin mutuwa ba. Kulob da ke amfani da saiti ɗaya ko biyu duk kaka ya san darajar wannan.

Shekara goma da kafuwa, a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1934, Manchester City da Portsmouth duk kayan Umbro suka sa. City ta ci 2-1. Yaƙin duniya na biyu ya karkatar da masana'antar zuwa ɗinka kayan soja, bayan yaƙi aka dawo ƙwallo.

Abin da ya girgiza salon riga a Ingila ya faru ne a Wembley a 1953, lokacin da Hungary ta lallasa Ingila 6-3. Baƙin sun zo da kaya marasa nauyi, masu gida kuwa suna cikin riga mai kwala da maɓallai da wando har gwiwa. Ba riga ce ta ci wasan ba, amma ta shiga cikin abubuwan da aka sake dubawa. Daga 1954 Umbro ta fara ɗinka wa Ingila riga mara kwala, mai tsagaggen wuya da gajeren hannu. Ta kuma jawo Matt Busby, kocin Manchester United, yana ba da shawara kan zane, ana sayar da kayan da sunansa. A farkon shekarun 1960 ta zama dillalin takalman Adidas a Birtaniya, wanda ya sa kulob zai iya samun komai daga hannu ɗaya. Wannan haɗin ya kawo riba, sai dai ya hana Umbro yin takalminta na ƙwallo har 1986, kuma wannan jinkirin ya yi mata illa daga baya, domin a takalmi manyan abokan hamayyarta suka tara ƙarfinsu.

A gasar 1966 Umbro ta shirya bai wa ƙasashe 15 cikin 16 kaya, in ban da Tarayyar Sobiyet. Duba jar rigar da Bobby Moore, kyaftin ɗin Ingila, ya ɗaga kofi da ita bayan doke Jamus ta Yamma 4-2: auduga ce mai dogon hannu da zagayayyen wuya, sai bajon zakuna uku a ƙirji. Babu tambarin Umbro a waje, sunan yana can a ƙyallen da ke cikin wuya. Ribar kamfanin ita ce ya rubuta a kundin tallarsa cewa zakarun duniya kayansa suka sa, ƙananan ƙungiyoyi su yi oda. Haka aka tafi da Celtic a 1967 da Manchester United a 1968 lokacin da suka ci kofin Turai. Ko a 1970 a Meziko, tunanin kamfanin yana kan jikin ɗan wasa ne: saboda zafi aka yi wa Ingila riga da yadi mai ƙananan huji domin iska ta shiga.

Wanda ya juya harkar ƙaramin kamfani ne, Admiral, daga Wigston kusa da Leicester, wanda asalinsa kayan ciki yake ɗinkawa. Shugabansa Bert Patrick ya lura da abubuwa biyu. Talabijin mai kala ta shiga gidaje, yara suna ganin rigunan taurarinsu. Sannan dokar kare haƙƙin zane ta 1968 ta ba da damar a yi rajistar zanen riga ya zama mallakin wanda ya ƙirƙira shi. Ita Umbro tun ƙarshen shekarun 1950 take sayar wa yara ƙaramin saiti mai launin kulob, amma jar riga zalla kowa na iya ɗinkawa ya ce ta Liverpool ce ko ta United, babu mai hana shi. Admiral sai ta ƙara ratsi a hannu, ado a kwala, ta jera tambarinta a jiki, ta yadda rigar ba ta kwaikwayuwa sai an keta doka. A 1973 ta ƙulla da Leeds United ta koci Don Revie, ta biya kulob ɗin domin ya sa kayanta, ita kuma ta sayar wa magoya baya irinsu. Da Revie ya zama kocin Ingila a 1974, kwantiragin ƙasa ma ya koma hannun Admiral. A shekarar ne Harold Humphreys ya rasu, 'ya'yansa John da Stuart suka karɓi kamfanin a kasuwar da ba irin wadda mahaifinsu ya sani ba.

Tsarin da ya fito daga nan shi ne har yau ake kai. Kamfani yana biyan kulob tsayayyen kuɗi kowace shekara, ya ba shi kayan wasa da na atisaye kyauta tun daga manya har matasa, sannan ya ba shi wani ƙaramin kaso daga abin da aka sayar. Sau da yawa akwai ƙari in an ci kofi, da ragi in an kasa shiga gasar Turai ko an faɗi daga lig. Shi kuma kamfani ya sami ikon zama shi kaɗai mai sayar da rigar. Ma'ana, haɗarin ya koma wuyan kamfani. Zanen sabuwar riga ana fara shi shekara ɗaya da rabi ko fiye kafin ta fito, odar masana'anta kuma ana ba da ita watanni da dama kafin a buga wasan farko. Dole a yi hasashen yawan kowace girma, ta yara da ta manya, ta gida da ta waje, tun ba a san ko kulob zai yi abin kirki ba. In kaka ta lalace ko tauraro ya tafi, kaya su jibge a sito, a ƙarshe a karyar da su. Ita kanta Admiral wannan nauyin ne ya durƙusar da ita a farkon shekarun 1980, Umbro ta karɓo Ingila a 1984.

Sauyin yadi daga auduga zuwa foliyesta, wato zaren roba, ya zo daidai da wannan lokacin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ya sauƙaƙa raba sunan kamfani da masana'antarsa. Foliyesta ba ta riƙe ruwa a cikin silinta, abin da take sha bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyinta ba. Zufa tana bi ta tsakanin zare ta fito waje ta bushe. Ba ta tsukewa kamar auduga, launinta ba ya saurin koɗewa. Abin da ya fi muhimmanci ga 'yan kasuwa shi ne tana karɓar bugun zane na turara: a buga zanen a takarda da tawada ta musamman, a ɗora kan farin yadi, a danna da zafin da ya kai kimanin digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Tawadar ta zama tururi ta shige cikin silin, in ya huce ta zauna daram, ba ta ɓamɓarewa kuma ba ta toshe hanyar iska. Da wannan dabara kowane irin zane mai yiwuwa ne, shi ya sa rigunan farkon shekarun 1990 suka cika da kwalliya. Bayan bugu sai a jera yadi hawa-hawa, a yanka gaba, baya, hannuwa da wuya bisa samfurin yanka, a haɗa da keken da ke ɗinki yana datse baki, a wuraren da ke gogar fata kuma a yi shimfiɗaɗɗen ɗinki don kada ya ci jiki.

Inda aiki ya fi ɓaci shi ne wajen manna lamba da suna. Da zafi ake danna su, kuma in zafin ya yi yawa a kan jar riga ko baƙa, rinin da ke cikin yadin sai ya sake tashi ya ratsa farar lambar. Wani lokaci ba a ganin ɓarnar nan take, sai bayan kwanaki lambar ta fara sauya launi. Don haka ake amfani da lamba mai shinge a ƙarƙashinta, a kuma rage zafi da lokacin dannawa. In aka rage fiye da kima, gam ɗin ba zai narke ya kama ba, gefen lambar ya fara ɗagowa bayan wanki kaɗan. Bajo ma yana da nasa: na surfani ya fi kyau da ƙarko, amma yana da nauyi, yana tattare siririn yadi, bayansa yana goge ƙirji. Saboda haka rigar 'yan wasa akan manna mata bajo da zafi, ta magoya baya a yi mata surfani a kuma buɗa yankanta. Foliyesta tana riƙe maiƙon jiki, wannan ne dalilin da ya sa take saurin wari fiye da auduga. A kan duk wannan akwai dokokin hukumomi. A gasannin Turai, alal misali, tambarin mai ɗinki ba zai wuce murabba'in santimita 20 ba, lambar baya kuma tsayinta tsakanin santimita 25 zuwa 35.

Duk waɗannan matakai kowace masana'anta mai injin da ya dace za ta iya yin su in an tura mata zane da ma'auni. Kusanci da masaƙun Manchester ya daina zama fifiko.

Shekarun 1990 su ne ganiyar Umbro a idon jama'a. Kaiwar Ingila wasan kusa da na ƙarshe a Italiya a 1990, zuwan gasar Firimiya a 1992 da kuɗin talabijin, da fara rubuta suna da lambar dindindin a bayan riga a 1993, duk sun sa manya ma suka rungumi jesi a matsayin tufafin fita. Dogon wando mai faɗi da Umbro ta ɗinka wa Tottenham a wasan ƙarshe na Kofin FA na 1991 ya zama yayi cikin ɗan lokaci. Ajax ta ci Kofin Zakarun Turai a 1995 cikin Umbro, Inter Milan da Chelsea da Celtic ma suna hannunta.

Sai dai a nan aka fara ganin cewa mai saye a shago ya fi ɗan wasa muhimmanci wajen zane. Ranar 13 ga Afrilun 1996, Manchester United ta je gidan Southampton da riga ruwan toka. Kafin hutun rabin lokaci an zura mata uku. Kocinta Alex Ferguson ya sa aka sauya zuwa mai shuɗi da fari, yana cewa 'yan wasansa ba sa hango juna. An tashi 3-1, kuma United ba ta taɓa cin wasa a cikin waccan rigar ba. Wasu sun ɗauki maganarsa a matsayin uzuri, amma akwai gaskiya a cikinta. Ɗan wasa da gefen ido yake gano abokinsa kafin ya ɗaga kai, kuma launi mai duhu-duhu yana ɓacewa cikin taron 'yan kallo. Launin da ya dace da wandon jins a titi ba lallai ya dace da fili ba. Watanni biyu bayan haka Ingila ta buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar Turai da Jamus cikin riga mai kama da wannan, aka yi ta suka.

A bayan fage kuwa kamfanin ya riga ya bar hannun iyalin Humphreys. A 1992 Stone Manufacturing na jihar Karolina ta Kudu a Amurka ya saye shi, masana'antunsa na Ingila suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ɗinki ya koma ƙasashen da aiki ke da araha. A 1999 kamfanin zuba jari na Doughty Hanson ya karɓa, a 2004 aka sa shi a kasuwar hannun jari ta Landan. A cikin waɗannan shekarun ne Nike ta shigo ƙwallon ƙafa da aljihun da Umbro ba za ta iya karawa da shi ba. Ta ɗauke Brazil a 1996, ta ɗauke Manchester United daga 2002 da yarjejeniyar shekara 13 ta kimanin fam miliyan 303. Chelsea ma ta biya fam miliyan 24.5 domin ta warware kwantiraginta da wuri, ta koma Adidas a 2006. Nike da Adidas suna iya biyan kulob fiye da abin da rigarsa za ta dawo da shi, saboda tallar tana sayar musu da takalma da sauran tufafi a faɗin duniya. Umbro kuwa ƙwallo kaɗai ta dogara da ita, dole kowace yarjejeniya ta biya kanta.

Matsin nan ya fito fili a badaƙalar farashi. A watan Agustan 2003 hukumar kula da adalcin ciniki ta Birtaniya ta ci tarar kamfanoni da ƙungiyoyi goma jimillar fam miliyan 18.6, bisa haɗa baki wajen tsayar da farashin rigunan Ingila da na Manchester United. Cikinsu akwai Umbro, da shagunan JJB Sports, da United, da ita kanta FA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila. Kason Umbro fam miliyan 6.64 ne, aka rage zuwa 5.3 bayan ɗaukaka ƙara. Farashin da aka tsare shi ne fam 39.99 na rigar babba mai gajeren hannu, musamman a makonnin farko na fitowarta da lokacin gasar Turai ta 2000, wato lokacin da aka fi saye. Mike Ashley, mai shagunan da ke karya farashi, shi ya kai ƙorafi. Dalilin haɗa bakin a bayyane yake: in shago ɗaya ya karya farashi, sauran za su matsa wa kamfani ya rage kuɗin sari, shi kuma ya riga ya yi wa kulob alƙawarin kuɗi mai yawa. Wannan bai wanke kowa ba. Iyayen da ke saya wa yara riga duk bayan kaka ɗaya ko biyu su ne suka biya.

Da manyan kulob suka tafi, ƙwai ya taru a kwando ɗaya, wato tawagar Ingila. Ciniki yana tashi a shekarar gasa ya faɗi a wadda ba ta da gasa. A watan Oktoban 2007 Nike ta yi tayin sayen Umbro kan fam miliyan 285, wajen dala miliyan 580 a lokacin. Wata guda bayan haka Kuroshiya ta doke Ingila 3-2 a Wembley ta hana ta zuwa gasar Turai ta 2008, lissafin rigunan da za a sayar ya rushe. A ƙarƙashin Nike aka yi farar rigar Ingila ta 2009, wadda aka koma da ita ga aikin tela: kwala mai kyau, babu tarkacen ado, aka auna kowane ɗan wasa aka ɗinka masa daidai jikinsa. A ganina tana cikin mafi kyawun abin da kamfanin ya taɓa yi. Manchester City ma ta ci gasar Firimiya ta 2012 cikin Umbro. Duk da haka, a ƙarshen 2012 Nike ta sayar da kamfanin ga Iconix na Amurka kan dala miliyan 225, ƙasa da rabin abin da ta biya, bayan ta mayar da kwantiragin Ingila da na City ƙarƙashin tambarinta daga 2013. Abin da ya fi daraja a Umbro shi ne waɗannan takardun, kuma su Nike ta riƙe.

Sana'ar Iconix ita ce mallakar sunaye. A kowane yanki akwai kamfanin da ya karɓi lasisi, shi ke zana kaya, ya ba da oda, ya ƙulla da kulob, ya biya kaso daga ciniki tare da mafi ƙarancin kuɗin da ya lamunta ko an sayar ko ba a sayar ba. A Brazil kamfanin Grupo Dass ne ke yin kayan Umbro, a Japan kuma sunan yana hannun Descente. Ta wannan hanya tambarin ya dawo kan rigar Everton a 2014 da West Ham a 2015, har ya hau ta tawagar zari-ruga ta Ingila a 2020. Amfanin tsarin ga mai suna shi ne ba ya ɗaukar asarar kayan da suka kwana a sito. Illarsa kuma, riguna biyu masu tambari ɗaya daga ƙasashe biyu na iya bambanta a nauyin yadi, yanka da ingancin bugu, domin kamfanoni daban ne suka yi odarsu daga masana'antu daban. Ƙungiyar da za ta sayi saiti a yau, abin da ya kamata ta tambaya shi ne wane ne ke riƙe da lasisin a yankinta, nawa ne nauyin yadin a kowane murabba'in mita, zanen na turara ne ko na mannawa, kuma shekara nawa za a ci gaba da samun irin rigar in ana buƙatar ƙari a tsakiyar kaka.